Shin Ko Kun San? Shekarun Gidan Rezar Kaka Suna Rubuce a Jikinsa

Shin ko kun san ɗan ƙarfen nan na gyaran fuska da ake tsinta a ƙasan adakar tsofaffi, wanda ake kwancewa a shimfiɗa masa reza mai baki biyu a mayar a ɗaure, yakan faɗi shekarar da aka ƙera shi, wani ma har da watannin? Gidan reza nake nufi. Nawa na gaje shi ne daga kakana na wajen uwa, mutumin Zango a Damagaram. Ranar da aka buɗe adakarsa aka same shi naɗe cikin tsumma, kusa da carbi da tandun kwalli. Wani ɗan'uwa ya ce ai wannan tun zamanin Sarki Tanimun yake gidan nan. Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai, amma na so in tabbatar. Abin da na tono shi na kawo muku yau.

Shin ko kun san babu gidan reza irin wannan, ko guda, da ya riski Tanimun? Sarkin da ya ja wa Birni ganuwa, wanda aka ƙera igwa a Damagaram a zamaninsa, ya rasu a 1884. Sarki Ahmadu Kuran Daga ma bai gan shi ba, domin Faransawa sun ci yaƙin Tirmini a ƙarshen Yulin 1899, suka shiga gari, bayan 'yan makonni aka kashe Sarki. Shi kuwa King Camp Gillette, Ba'amurke mai yawon tallan kaya, a 1895 ne tunanin rezar da za a yi aski da ita a yar ya zo masa. Sai a 1901 ya kafa kamfani a Boston, tare da injiniya William Nickerson wanda ya gano yadda za a taurara ƙarfe mai sirantaka kamar takarda a yi masa kaifi. A 1903 aka soma sayarwa, kuma duk cinikin shekarar bai wuce gidan reza 51 da reza 168 ba. Shekarar da ta biyo aka sayar da fiye da 90,000. Ke nan mafi tsufansu a duniya ya zo ne shekara huɗu bayan Nasara ya zauna a Damagaram.

Askar Turai dai ta riga shi zuwa ƙasar Hausa da nisa. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya kuma sauka Zinder, wato Damagaram, a ƙarshen 1852, ya lissafa kayan da fatake ke ketowa da su Sahara: takubban Solingen ta Jamus, allurai, takarda, da asake daga Styria ta ƙasar Ostiriya. Saboda haka in abin da kuka gada aska ce mai naɗewa cikin ƙotarta, tana iya kai zamanin Tanimun. In gidan reza ne, a'a.

Shin ko kun san hanyar da ya biyo ma shaida ce? Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar, kafin a mayar da ita Yamai. Hafsoshi da akawuna da 'yan kasuwar Turai sun zauna, kuma kayan bayan gidansu da na askinsu sun bi kuku da boyi sun shiga gari. A 1911 ɗin ne kuma jirgin ƙasa ya iso Kano, kimanin kilomita 240 kudu da Zinder, a 1930 ya kai Nguru. Daga nan hajar da a dā ke zuwa daga Tarabulus a bayan raƙumi ta koma fitowa daga kudu, hanyar da ta kwantar da cinikin manyan attajiran Zango irin su Malam Yaro. Kantunan CFAO da SCOA suna sayen gyaɗa suna sayar da yadi da fitila da sabulu da reza. Ga tsofaffin soja da suka dawo da kayan bariki, musamman tunda daga 1943 Amurka ce ta ɗauki nauyin kayan rundunar Faransa ta Afirka. Ga alhazai da tsarabar Jidda da Makka. Kowace hanya da irin kayanta: na kanti galibi ƙirar Faransa ne, na Kano ƙirar Ingila, na soja da na alhaji suna iya zama na ko'ina. Kafin ku duba ƙarfen, ku tuna ko mai shi ya taɓa yin soja, ko fataucin gyaɗa, ko aikin Hajji.

Shin ko kun san wanki ne ya fi lalata shaidar nan? Hannunmu ya saba da goge tukunya da toka da yashi da soson ƙarfe. Wannan gugar a jikin gidan reza ɓarna ce tsantsa. Yawancinsu tagulla ce aka yi wa ruwan nikel, ko na azurfa, ko na zinariya, kuma ruwan bai kai kaurin fatar albasa ba. Rubutun ma bugu ne marar zurfi. Ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon burushin haƙori sun isa. A jiƙa shi ya kwana in dattin ya kafe. In ya ƙi kwancewa kada a sa filaya, a ɗiga masa ɗan mai a bar shi. In ya bushe sai a kife shi a rana, a ɗauki hoton ƙasan kansa da waya a buɗa hoton, domin abin da ido bai gani ba kyamara tana gani.

Shin ko kun san 1904 da ke jikin wasu ba shekarar ƙira ba ce? Nan mutane da yawa ke faɗawa. Ranar 15 ga Nuwamban 1904 aka ba Gillette takardar mallakar fasaha a Amurka, mai lamba 775,134, sai kamfanin ya yi ta buga wannan kwanan wata a jikin kayansa shekara da shekaru, har wa'adin takardar ya cika a 1921. Kwanan watan yana cewa ne kawai ba a ƙera abin kafin ranar ba. Haka tambarin kamfanin, mai siffar lu'ulu'u da kibiya ta ratsa sunan: a 1908 aka fara shi, don haka duk mai wannan tambari ya biyo bayan 1908, amma tambarin ya daɗe ana amfani da shi har bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Na farko-farkon suna da doguwar lambar jeri, wasu da harafi a gabanta, a jikin mariƙi ko a farantin da reza ke kwanciya. Daga 1904 aka soma, aka ci gaba a kan masu tsada har wajen 1930. Masu tara irin waɗannan kaya sun jera lambobin shekara-shekara, ana iya gwada taku da nasu a intanet. Wanda ya sami irin wannan a Damagaram ya sami abu mai wuyar gani, domin dalar Amurka 5 ake sayar da shi a farko, kuɗin da ya fi ƙarfin talakan Amurka ma, balle namu. Kusan tabbas daga hannun Bature ya fito.

Daga 1930 zuwa 1950 kuwa shiru, ba lambar jeri, ba alamar shekara. Shekara ashirin cur.

Shin ko kun san harafi ɗaya da lamba ɗaya sun isa su ba ku shekara da wata? Wannan shi ne abin da ya fi burge ni. Tun wajen 1950 masana'antar Gillette ta Amurka ta soma buga harafi a gefe ɗaya na ƙasan kan gidan rezar, da lamba daga 1 zuwa 4 a ɗaya gefen. Harafin shekara ce. Lambar kuwa kashin shekara ce, wata uku-uku: 1 Janairu zuwa Maris, 2 Afrilu zuwa Yuni, 3 Yuli zuwa Satumba, 4 Oktoba zuwa Disamba. W ita ce 1951, X 1952, Y 1953, Z 1954, sai aka koma A a 1955, B 1956, haka har P a 1970. An tsallake Q, don haka R ce 1971. Ku ɗora wannan a kan tarihinmu ku gani. D da 4 na nufin watannin ƙarshe na 1958, lokacin da aka kafa Jamhuriyar Nijar ranar 18 ga Disamba. F da 3 sa'an 'yancin kai ne, na 3 ga Agustan 1960. U da 2 ya fito masana'anta a daidai lokacin da Seyni Kountché ya karɓi mulki a Afrilun 1974. Ga kuma ma'auni mai sauƙi ga Badamagare: a 1950 Sarki Barma Mustafa ya rasu, Umaru Sanda ya hau. Duk gidan rezar da ke ɗauke da irin wannan harafi da lamba bai ga zamanin Barma Mustafa yana sabo a Damagaram ba, na zamanin Umaru Sanda ne ko na bayansa.

Sai dai haruffan 25 ne, suna zagayowa. A tana iya zama 1955 ko 1980, W tana iya zama 1951 ko 1976. Abin da ke raba gardama shi ne jiki: na shekarun 1950 ƙarfe ne mai nauyi a hannu, na ƙarshen shekarun 1970 da bayansu sun fi sauƙi, mariƙinsu galibi baƙi ne, na roba ko na sanholo.

Shin ko kun san ƙirar Ingila da yawa ba su da wannan harafi sam? A nan nawa ya faɗo. Na wanke, na kifa, na ɗauki hoto, ban ga komai ba sai tambari da rubutun da ke cewa a Ingila aka yi shi. A dā Gillette na da babbar masana'anta a Isleworth, yammacin Landan, wadda aka buɗe a ƙarshen shekarun 1930, kuma daga can ake cika kasuwannin ƙasashen da Ingila ke mulka, har da Kano. Ya kuma buɗe wata a Annecy ta Faransa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kada rashin harafi ya sa ku ce abin jabu ne, ko ku ce ya girmi 1950. Sai ku koma ga siffa.

Siffar tana magana sosai. Ku dubi gefen farantin da ke kāre fata daga kaifi. In haƙora ne a jere kamar matsefi, tsohon yayi ne, wanda ya mamaye kasuwa daga 1903 har cikin shekarun 1930. In sanda ce miƙaƙƙiya mai 'yan tsage-tsage ba haƙora, to samfurin da ake kira Tech ne ko danginsa, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, ya yi arha, ya cika duniya. Ku dubi cikin marfin: in ƙusoshi biyu ne a gefe da na tsakiya mai zare, tsarin farko ne na reza mai huda uku. In doguwar ƙarfe ce a kwance da ke shiga tsagar reza, daga 1930 ne zuwa sama. Wanda ba a kwancewa, sai dai a murɗa gindin mariƙi kansa ya buɗe gida biyu kamar ƙyauren taga, a 1934 ya fara, ya kuma yawaita daga 1947 da samfurin Super Speed. Mai zobe a wuya da lambobi 1 zuwa 9 na rage kaifi ko ƙarawa, daga 1958 ne.

Shin ko kun san mayen ƙarfe ma yana ba da shaida? Tagulla ba ta kama shi. In ya kama, da baƙin ƙarfe a ciki, kuma kamfanoni sun fi komawa ga baƙin ƙarfe da roba a lokacin da yaƙi ya cinye tagulla: Yaƙin Duniya na Biyu, sannan yaƙin Koriya, wanda ya sa Gillette fitar da masu baƙin gindi a 1951 da 1952. Inda ruwan ya goge kuwa, launin da ya bayyana yana faɗar asali. Rawaya tagulla ce. Toka-toka mai ƙuraje narkakken tutiya ne, ƙarfen arha da ya yi yawa daga baya.

Ba duka ne Gillette ba, musamman a ƙasar da Faransa ta mulka. Akwai Gibbs da Leresche na Faransa, akwai Rotbart na Balin da Merkur na Solingen. A jikin na Faransa ku nemi haruffan SGDG bayan kalmar Breveté. Alama ce ta takardar mallakar fasaha bisa dokar 1844, kuma an soke ta a 1968, don haka ƙirar ta girmi wannan shekara. A na Jamus, DRGM alamar rajista ce ta kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu da 'yan shekarun da suka biyo, DBGM ta bayan an kafa Jamus ta Yamma a 1949. Sunan ƙasa kansa kalanda ne. In an rubuta Jamus ta Yamma, tsakanin 1949 da 1990 ne. Tarayyar Sobiyet ta watse a 1991, Cekoslobakiya ta rabu a ƙarshen 1992. Ƙasar da ta mutu ba ta ƙera sabon kaya.

Shin ko kun san kunshin rezar da kuka tarar tare da shi ba ya rantsuwa a kansa? Mutum yakan riƙe gida ɗaya shekara arba'in yana sauya masa reza, yau Nacet mai hoton kada, gobe Tiger. Hoton mutumin nan mai gashin baki a takardar reza, King Gillette ne da kansa, ya rasu a 1932, amma hoton ya ci gaba da yawo bayansa. Abin da kunshin ke iya faɗa shi ne lokacin da mai shi ya daina aski da shi. In rezar mai tsatsa ce, baƙa ko shuɗiya, tsohon ƙarfe ne. Wadda ba ta tsatsa kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ne ya yayata ta daga 1962. Yayin da Bic na Faransa ya fito da ta roba mai amfani a yar a 1975, gidajen reza suka soma komawa ƙasan adaka.

Duk wannan na ƙarfe ne, kuma ƙarfe ranar haihuwarsa kawai ya sani. Bai san ranar da ya shigo Damagaram ba, bai san hannun da ya kawo shi ba. Wannan sai bakin manya, kuma manyanmu suna da nasu lissafi da ba ya kuskure sosai in an iya tambaya. Ba sa cewa 1914, sai su ce shekarar Kakalaba. Ba sa cewa 1984, sai su ce El-Buhari, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Kada ku tambayi tsohuwa wace shekara, ku tambaye ta wa aka haifa, wa ke sarauta, an yi ruwa ko ba a yi ba.

Haka na yi. Na kai wa yayar mahaifiyata, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ko kin tuna wannan?" Ta juya shi a tafin hannunta ta ce, "Na Malam ne. Daga Kano ya zo da shi, shekarar da ya kai gyaɗa ya sayo mana fitilar ƙwai. Lokacin ba a yi ƙuri'ar i da a'a ba, ɗan nan, don ina goye da ƙanen uwarka." Ƙuri'ar da take nufi ita ce ta 28 ga Satumban 1958, wadda jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta ce a kaɗa a'a. Ƙarfen ya ce bai girmi ƙarshen shekarun 1930 ba, tunda mai sanda ne ba mai haƙora ba. Inna ta ce ya riga 1958 shigowa gida. Shekarun kawun nawa suka ƙara matse tazarar zuwa tsakiyar shekarun 1950. Bai ga Tanimun ba, amma ya ga kakana yana saurayin magidanci mai fataucin gyaɗa, labarin da ban taɓa ji ba sai ranar. Ta kuma gaya mini abin da babu littafin da zai gaya mini: Malam bai taɓa aske kansa da shi ba. Kai na wanzami ne, duk Juma'a yake zuwa zaure da zabirarsa. Gidan rezar na gyaran kumatu da gashin baki ne in tafiya ta kama.

Shin ko kun san askar wanzami ita ce ta fi wuyar ƙiyasi? Maƙerin gida ba ya buga lamba. Sai dai a dubi yadda dutsen washi ya cinye ruwanta har ta sirance, da yadda hannu ya sulɓe ƙotar. Amma wanzanci gado ne, kuma gidan Sarkin Aska yakan san askar wane ce, wa ya bar wa wa, da jariran gidan wane aka yi wa askin suna da ita. Uba uku a jere sun kai shekara 80 ko fiye. Irin waɗannan asake da ƙahonin da ke cikin tsofaffin zabiru sun fi kowane gidan reza kusa da tarihin Damagaram, kuma su ne suka fi saurin salwanta, domin mai jari-bola da kilo yake saye.

Shin ko kun san tsohon gidan rezar nan zai yi muku aski gobe da safe? Siffar reza mai baki biyu ta zauna tun farkon shekarun 1930, bayan Gillette ya haɗe da kamfanin AutoStrop na Henry Gaisman a 1930, kuma an yanka tsagarta yadda za ta hau tsofaffin gidaje ma. Rezar da za ku saya yau a Kasuwar Dole za ta zauna daram a gidan da aka ƙera a 1910. Sharaɗi biyu ne. Tsohuwar rezar da ke ciki a cire ta da hankali, a naɗe, a binne ko a jefa inda yaro ba zai kai ba. Gidan kuma a tsabtace shi sosai, na ƙarfe zalla a zuba masa tafasasshen ruwa, mai roba a goge shi da alkol na kemis, kuma kada a yi aron sa, domin ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau suna bin jinin da ke maƙalewa a kayan aski.

Kuɗinsa fa? Kada a sa rai da yawa. An ƙera su miliyoyi. A Yaƙin Duniya na Farko kaɗai Gillette ya ba sojan Amurka gida kusan miliyan uku da rabi, domin takunkumin kariya daga iskar guba ba ya zama a fuska mai gemu. Masu tsada su ne na farkon nan masu lambar jeri, da waɗanda ke cikin akwatinsu na asali ba abin da ya ɓace. Nawa na mayar da shi cikin tsummansa, na haɗa da 'yar takarda da na rubuta sunan Malam, da Kano, da gyaɗa, da fitilar ƙwai, da ranar da Inna ta ba ni labarin.